Ranar da Na Gaida Surukina Daga Bisa Keke

Ba zan taɓa mantawa da safiyar sunan ɗan Lawali, ƙanin matata, ba, kuma ko da na so in manta, mutanen Dudunni ba za su bar ni ba. Har yau in na shiga garin sai wani ya ɗaga murya daga gindin bishiya ya ce, "Malam, yau sauka za a yi ko zagaye?" Ni kuwa sai in yi dariyar yaƙe in wuce, don ba ni da bakin ramawa.

Bari in fara da abin da kusan kowa ya sani a kaina: na haura shekara arba'in a duniya ban iya keke ba. Ni goyon kaka ne. A Kankiya na tashi, gidanmu yana kallon babban titin da ya taso daga Kano ya nufi Katsina, kuma kakata Iya, Allah Ya jiƙanta, ta ɗauki titin nan tamkar abokin gabarta. Duk motar da ta wuce a guje sai ta raka ta da harara da tsaki. Lokacin da sa'o'ina suke tafiya wurin mai hayar keke suna dawowa da gwiwoyi a ƙuje, suna fariya da tabo, ni ina zaune kusa da Iya ina ɓare mata gyaɗa. In na ce zan bi su sai ta ce, "Kai da keke sai bayan raina." Allah kuwa Ya ba ta tsawon rai. Kafin ta rasu na yi gemu, na zama malamin makaranta, kunya ta karɓi aikin daga hannun Iya ta ci gaba da tsarona.

Aikin koyarwa ne ya kai ni Kusada, a can na auri Rakiya, 'yar Dudunni. Mahaifinta, wanda nake kira Baba, dogon mutum ne siriri, manomin gero da dawa da wake, ba shi da yawan magana. Tsakanina da shi kuwa sai abin da aka sani tsakanin mutum da surukinsa. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa miƙa masa hannu ba. Tun daga nesa nake tuɓe takalmi, in durƙusa, in gaishe shi kaina a ƙasa, in saurari amsa, in ja da baya. (Wallahi na fi sanin tabarmar Baba fiye da fuskarsa. Da za a jera mini tabarmi a kasuwa, zan nuna tasa.) Ina ganin girmansa ƙwarai, kuma babu abin da nake tsoro kamar ya ɗauke ni mutumin banza.

Akwai kuma wata al'ada da ya kamata in tuna wa mai karatu, don ita ce ta kashe ni. A wajenmu, in kana bisa keke ka zo wuce manya suna zaune, sauka ake yi a tura keken, a gaishe su a ƙasa, sai an wuce sannan a sake hawa. Wanda ya gaida dattawa daga bisa sirdi, an gama sanin irin tarbiyyar gidansu. Wannan ga dattawan gari ke nan. In suruki ne, ai ba a ma kawo maganar.

To, bayan an gama kaka, an kai amfani gida, na je Dudunni gaisuwa. Na gama durƙusona ina shirin ja da baya sai Baba ya sa Lawali, ƙanin Rakiya, ya fito da kekensa daga zaure. Irin kekunan da ne, baƙi, dogo, mai sanda a tsakiya, ga ƙararrawa, ga kariya a baya, an goge shi yana ƙyalli. A kan keken nan Baba ya ci kasuwannin yankin nan kaf tun yana saurayi.

"Malam," in ji Baba, "gwiwa ta ƙi. Yaran nan kuma duk babur suka sani, sun ce wannan na tsohhi ne. Kai ka ɗauke shi. Kusada da nan ba nisa, ka riƙa leƙo mu."

Na ji Lawali ya yi wani irin tari a bayana, irin tarin da dariya take haifarwa in an danne ta. Shi ya san ban iya ba. Rakiya ta sani, abokan aikina sun sani, amma wa zai zauna da Baba ya ba shi labarin abin da surukinsa bai iya ba? Ni kuma ta ina zan fara? Mutumin da ban taɓa ce masa ina jin ƙishirwa ba, shi zan buɗe baki in ce wa ban iya keke ba?

"Na gode, Baba," na ce wa tabarma. "Allah Ya ƙara girma."

"Matar Lawali ta kusa sauka," ya ce. "Ran suna in gan ka bisanshi."

Na kama keke na tura na fita daga garin, kowa yana yaba ladabina, wai dubi Malam ya ƙi hawa a gaban surukinsa. Na wuce gidajen ƙarshe ina turawa. Na shiga burtali ina turawa. Can na ji babur a bayana, sai ga Lawali ya rage wuta ya jera da ni. Ƙanin mata abokin wasa ne, kuma Lawali bai taɓa yafe wannan haƙƙin nasa ba.

"Mijin Yaya," ya ce, "ladabin ya isa hakanan. Baba ba shi hango ka daga nan."

Na ce masa ina duba lafiyar tayoyin ne. Ya ce in duba da kyau har Kusada, ya ba babur wuta ya bar ni. Haka kuwa aka yi, har ƙofar gida na duba su.

Rakiya tana ganin keken ta saki tsintsiya ta zo ta shafa sirdin kamar ta ga ɗan'uwanta. Ashe a kansa ta koya tun tana yarinya, in Baba ya tafi gona a ƙasa, ita da Lawali su sace shi su zagaya bayan gida, ta zura ƙafa ta ƙarƙashin sanda ta tuƙa a karkace. Shekara da shekaru ina zaune da gwanar keke a gida ban sani ba. Na gaya mata abin da Baba ya ce game da ranar suna. Ta dube ni, ta dubi keken, ta sake dubana daga sama har ƙasa (tafiyar ba ta da nisa, don ni ba dogo ba ne), ta ce, "Za ka iya, Malam. Amma sai an sauke sirdin nan. Tsawon Baba aka auna."

Na ce ba za a taɓa shi ba. Yadda Baba ya ɗaure abinsa haka zai zauna, ni ban isa in kwance ba. Wannan shi ne dalilin da na bayar, kuma har na ji daɗin yadda ya fito a bakina. Dalilin gaskiya kuwa shi ne na hango Lawali yana zagaya keken a gaban jama'a yana tambaya wane yaro ne aka sauke wa sirdi. Rakiya ta ce, "To," irin "to" ɗin nan da mata suke yi in sun bar ka da halinka.

A tsakar gida aka buɗe makaranta, da la'asar, in yara sun tafi Islamiyya an kulle ƙofa. Tun da ƙafata ba ta kai ƙasa daga sirdi, sai Rakiya ta kifa turmi ya zama matakala. In taka turmi in hau, ita ta riƙe kariya ta baya, tana turawa tana faɗa.

"Kalli gabanka! Ka daina kallon taya, ba inda za ta ba tare da kai ba!"

"Kina riƙe?"

"Ina riƙe. Taka feda!"

"Rakiya, kina riƙe?"

"Malam, in ka ƙara tambayata sai in saki."

Ni da nake tsawata wa aji guda su yi tsit, ga ni ana yi mini tsawa a gidana ina cewa to. Mun yi asarar kaskon ruwan kaji. Igiyar shanya ta cire mini hula ba sau ɗaya ba, har na haƙura na riƙa hawa da kai a buɗe. Akuyarmu ta koyi hawa kan buhunan dawa da zarar ta ga an kifa turmi. Tsakar gidan kuma ba wani faɗi gare shi ba, kafin ka taka feda sau uku ka isa bango. Saboda haka tsayawa ba ta taɓa zame mini matsala ba: in na isa bango sai in dafa shi, in zamo a hankali in sauka.

Da na fara daidaita, Rakiya ta ce gida ya yi mini kaɗan, ita kuma ba za ta bi ni waje tana gudu a bayana mutane suna kallo ba. Sai na samo wata gona a bayan gari da aka girbe aka kwashe kara, na riƙa zuwa bayan sallar asuba kafin ɗalibaina su fito. A bakin gonar akwai wata kanya mai kauri, saiwarta ta fito waje kamar an yi ta domina. In taka saiwa, in dafa kanya, in hau, in tura kaina. Na sha ƙasa a gonar nan, ba ƙarya. Kututturen dawa ya san haƙarƙarina.

Amma wata safiya abin ya zo. Ban san yadda aka yi ba, na dai ji keken ya daina faɗa da ni. Na taka, ya tafi. Na ƙara takawa, ya ƙara tafiya, iska tana shiga rigata, ƙasa tana gudu a ƙarƙashina, babu mai riƙe da kariya. Na kai ƙarshen gona na karya kwana na dawo ban faɗi ba. Wallahi ihu na yi, ni kaɗai, da gemuna. Daɗin da sa'o'ina suka ji suna 'yan shekara tara shi ne ya jira ni duk tsawon shekarun nan, bai kuma rage komai ba. Na ce, "Iya, ki yafe mini," ina dariya hawaye yana zubo mini. Da na gaji sai na nufi kanya, na kama birki a hankali, na rungume ta, na zamo na sauka. Haka na riƙa yi kullum: in hau daga kanya, in sauka a kanya.

Rakiya ta tambaye ni wata rana tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba. "Ka iya sauka kuwa?"

"Da a bisa nake kwana?"

"Ina nufin ba bishiya."

Na ce mata bishiya ba ta ƙare a ƙasar Katsina ba. Na riga na tsara komai: akwai tsamiya a bakin Dudunni, kafin a shiga gari. Nan zan rungume, in sauka, in tura keke cikin ladabi har gaban Baba, ga gumi a goshina shaidar cewa a bisa na zo. Ta sake cewa, "To."

Matar Lawali ta sauka, namiji. Rakiya ta kwashi yara suka yi gaba tun ana sauran kwanaki, don aikin suna. Ranar kuwa na tashi da wuri, na saka babbar rigata ta shadda wadda ta sha sitaci, na kafa hula, na fesa turare. Na taka dakalin ƙofar gida na hau. Tafiyar nan, in gaya maka gaskiya, ban taɓa jin daɗin tafiya kamarta ba. Rana tana fitowa, gonaki a share, ni ga ni bisa keken Baba, riga tana kaɗawa. Ina kaɗa ƙararrawa ko da babu kowa a hanya. Na kaɗa wa jaki, na kaɗa wa wata mata mai itace da take can nesa da hanyar ba ta tare mini komai ba. Ina ta tsara yadda Baba zai dube ni, da yadda bakin Lawali zai mutu.

Na hango tsamiya. Na matso. Sai na ga babu wurin runguma.

Baƙin da suka zo suna daga Kusada da Kankiya da ƙauyukan kewaye duk a gindinta suka ajiye baburansu, don inuwa. Sun kewaye ta ɗam, babu ta inda hannu zai kai ga itacen. Na rage gudu ina neman kafa, keke ya fara rawa, na ga in na tsaya a kan babura zan zube, in kwantar da su ɗaya bayan ɗaya. Sai na taka feda na wuce. Na ce ba komai, gaba akwai wani abin.

Gaba dangar kara ce, wadda ko akuya ta jingina da ita sai ta kwanta. Bayanta katangar wani gida, amma kwata ta bi gindinta. Daga nan kuma sai fili, filin ƙofar gidan Baba, inda bishiya ɗaya tak take, wata dalbejiya. A gindin dalbejiyar an ɗaure ragon suna. Kewaye da ita an shimfiɗa tabarmi, dattawan gari sun cika su, ga liman, ga faifan goro da dabino a tsakiya. Ga Baba zaune cikin farar riga, yana kallon hanya.

Mai karatu zai ce, to me ya hana ka kama birki ka diro? Na sha jin wannan tambayar daga mutanen da ƙafarsu take kaiwa ƙasa. Ni abin da na gani a lokacin biyu ne: ko in faɗi da babbar riga a kan cinyar liman, ko in wuce. Ƙafata ce ta yanke hukunci, ba ni ba. Na bi ta gaban tabarmin nan a bisa sirdi, da takalmi a ƙafata, kaina ya fi na kowa tsawo a karo na farko a rayuwata, na ce, "Salamu alaikum!"

Wasu suka amsa a ciki-ciki. Na ji wani tsoho ya ce, "Ash-sha."

Hanyar ta bi ta bayan masallaci ta kewaya gidan Baba ta sake fitowa filin. Na ce madalla, a baya zan yar da kaina inda babu mai gani, in karkaɗe riga in dawo a ƙasa in ba da haƙuri. Ina karya kwana sai na ga ashe a bayan gidan mata suka kafa murhu. Manyan tukwane suna tafasa a bakin hanya, ga mata cike, ga surukata, mahaifiyar Rakiya, tsaye da muciya. Faɗuwa a gaban Baba abin kunya ne, amma faɗuwa a gaban surukata cikin tukunyar miya, wannan sai dai in bar ƙasar. Na hango Rakiya ta ɗago, ta gan ni, ta dafe kai da hannu biyu. Ita kaɗai a garin ta san abin da ke faruwa. Na wuce su ina kallon gabana, kamar yadda ta koya mini.

Sai ga ni a filin kuma. Yanzu kowa ya juyo yana jirana. Na ga tun da na riga na yi sallama, rashin ci gaba da gaisuwa wani sabon laifi ne. Na sunkuyar da kai iya yadda mai keke zai iya, na ce, "Baba, ina kwana?"

"Lahiya lau," in ji Baba, fuskarsa ba ta nuna komai ba.

Na wuce. Masallaci, tukwane, surukata, fili.

"Ina gajiya, Baba?"

"Ba gajiya."

Masallaci, tukwane, surukata. A wannan karon matan sun bar aiki sun jeru.

"An samu ƙaruwa! Allah Ya raya!"

"Amin, Malam."

Ka san gaisuwarmu ba ta da gajarta, ga iyali, ga gida, ga aiki, ga sanyi, ni kuwa kowace guda sai na kewaya gari kafin in kawo ta. Gumi ya jiƙa shaddar, sitaci ya narke. Malam Ɗanjuma, aminin Baba tun ƙuruciya, ya kasa haƙuri. Na ji shi sarai ina wucewa yana ce wa Baba: "Audu, wannan surukin naka lahiyatai? Ko boko ne ya kawo gaisuwar bisa?" Wannan maganar ta soke ni, don abin da nake tsoro ke nan, a ce na raina Baba a ƙofar gidansa, a gaban aminansa. Lawali kuwa ya gano zancen. Maimakon ya taimake ni, sai na gan shi ya riƙe igiyar rago ya durƙushe, kafaɗunsa suna girgiza. Da na zo daidai shi ya ɗago da jajayen idanu ya ce, "Mijin Yaya, saura ka tambayi gona!" Allah Ya isa tsakanina da Lawali, har yau ban janye ba.

Liman dai ya ga rana tana yi, ya ce a yi abin da ya tara mu. Na fito daga bayan gida na tarar an raɗa suna, an ɗaga hannu ana addu'a. Yanzu kuma ga wata sabuwa: jama'a duk hannu a sama, ni nawa biyu a kan keke. Na ce ko ba komai na shafa da hannu ɗaya. Ina sakin hannun dama keke ya yi hagu, na fizgo shi ya yi dama, gefen babbar riga ya zamo daga kafaɗata ya shiga sarƙa. Na ji ƙiii, feda ta cije. Ba gaba, ba zagaye. Keken yana gangarawa da kansa a hankali, kai tsaye zuwa tabarmar dattawa da faifan goro.

A nan ne kunyar da na yi shekaru ina kiwo ta gudu ta bar ni. Na buɗe baki, a gaban liman da dattawa da baƙin Kankiya da matan da suka leƙo ta kan danga, na kwarma ihu da muryar da ban san ina da ita ba:

"Baba! Ban iya sauka ba!"

Baba ya miƙe. Mutumin da sai ya dafa ƙasa ya dafa bango kafin ya tashi saboda gwiwa, ban ga lokacin da ya tashi ba. Ya tako ya fito daga tabarma ba takalmi, ya tsaya a gabana, ya kafa ƙafafunsa, ya buɗe hannuwa.

"Taho," ya ce. "Kama birki sannu. In ka iso, kama ni."

Na kama birki. Na iso. Na rungume surukina da hannu biyu kamar yadda nake rungumar kanya, fuskata a kafaɗarsa, hulata ta faɗi, ina jin ƙanshin goro da turarensa. Bai ko motsa ba. Ya riƙe ni da hannu ɗaya, ya riƙe kan keken da ɗaya, ya ce a kunnena yadda ba wanda zai ji, "Zamo a hankali. Na riƙe ka." Na zamo. Ƙafata ta taɓa ƙasar Dudunni.

Sai a lokacin hankalina ya dawo na tuna wa nake riƙe da shi. Na sake shi da sauri, na watsar da takalmi, na zube ƙasa zan yi gaisuwar da ta kamata tun farko. Na manta rigata tana cikin sarƙa. Ina durƙusawa keken ya biyo ni ya kwanta a bayana, ƙararrawa ta yi ƙara ɗaya. Nan fa wurin ya fashe da dariya. Liman ya rufe baki da gefen rawani. Malam Ɗanjuma yana dariya yana tari yana cewa a ba shi ruwa. Daga bayan danga na ji guɗa, kuma har gobe ina zargin surukata ce. Ni dai ina durƙushe, keke a bayana, ina kallon tsohuwar abokiyata tabarma, ina roƙon ƙasa ta tsage.

Baba ya bar su suka yi mai isarsu. Sannan ya ce, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji, "To, ya isa. Mi kuke ma dariya? Na ce mashi in gan shi bisa keken nan ran suna, na kuwa gan shi, har na gaji da ganinshi. Da girmanshi ya je ya koya don na ce. Ku masu babura, wa ya taɓa koyon wani abu don ni?" Ya juya wajen Lawali. "Kai kuma tashi ka ciro mashi riga, kana nan kana washe haƙora."

Ban san lokacin da na ɗago na dubi fuskar Baba ba. Ashe yana da wushirya. Shekara da shekaru ina surukinsa, sai ranar na gani, don murmushi yake yi.

Bayan an watse an ci abinci, ya kira ni bayan gida, can nesa da tukwane. Ya sa aka kawo sifana, ya kwance sirdin da hannunsa ya sauke shi, yana cewa, "Wannan ai don a matsa shi aka yi mashi ƙusa. Ni ma da na saye shi sai da na ɗaga." Ya nuna mini yadda ake zamowa gaba daga sirdi a sa ƙafa ɗaya a ƙasa, abin da bai ɗauke mu tsawon shan fura ba. Daga nan zance ya ja zance. Ya ba ni labarin ranar da ya ɗauko buhun wake a kariya taya ta fashe masa a hanyar Kunduru, na ba shi labarin Iya da titin Kankiya, ya yi dariya har da dafa kafaɗata. Rakiya ta ce da ta leƙo ta gan mu, komawa ta yi ta zauna, don ba ta taɓa jin Baba ya yi magana mai tsawon haka da kowa ba tun da gwiwa ta zaunar da shi.

Yaron da aka yi wa suna Abdullahi ne, amma babu mai kiransa haka. Zagaye ake ce masa, kuma in ya girma ya tambayi dalili, na bar wa ubansa ya yi bayani, tun da shi ya fi kowa jin daɗin labarin.

Abin da na koya? In za ka koyi abu, ka tambayi yadda ake fita daga cikinsa tun kafin ka yi gwanintar shiga. In matarka ta ce maka "to" ba ta ɗago kai ba, ka koma ka sake tambaya. Kuma kunyar da ta hana ka faɗin magana a gaban mutum ɗaya cikin sirri, ita ce za ta sa ka kwarma ta a gaban gari guda.

Yanzu duk Asabar ina Dudunni. Tun daga tsamiya nake sauka, da ƙafata, ba tare da na taɓa itacen ba, in tura keke har fili, in tuɓe takalmi in durƙusa kamar da, sai dai yanzu ana gama gaisuwa Baba yake matsa mini wuri a tabarma. Amma fa bai yafe nasa rabon ba. Da ya hango ni daga nesa sai ya dafa ƙasa kamar mai shirin miƙewa, ya ɗaga murya yadda duk majalisar za ta ji:

"Malam, ka iya da kanka, ko in taso?"